Gadon Bayan Rago a Titi na 36

Bikin kammala karatu ne ya kai ni Amurka. 'Yar yayana ta gama karatun aikin jinya a Kwalejin Lehman da ke Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi 5 na birnin Niyok, kuma ita ce ta fara kaiwa wannan matsayi a gidanmu. Labarin biza da layin filin jirgi da zaman kujera har ƙafa ta kumbura ba sai na ba ka ba. Wanda nake so ka ji shi ne na cin abincin da muka yi washegarin bikin, domin ban taɓa sanin ana cin nama haka ba.

Yaya direban tasi ne, ya daɗe yana wannan aiki a birnin. Akwai wani gidan nama a tsakiyar Manhatan mai suna Keens, wanda ya sha sauke fasinjoji a ƙofarsa, masu kwat da mata masu dogon takalmi, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Bai taɓa leƙawa ciki ba. Matarsa ce ta gaya mini cewa tun yarinyar tana ajin farko ya ce ranar da ta gama, ta wannan ƙofar zai shiga da iyalinsa. Ni da na ji za a yi murna, rago na zata za a yanka, a ɗora tukwane, a aika wa maƙwabta. An yi walima kam a masallacin unguwa, inda Hausawan Gana da na Nijar da namu suka cika wuri. Amma wannan fitar ta 'yan gida ce kawai, kuma tun da makonni Yaya ya kama mana tebur, don irin wannan gida ba a faɗa masa kai tsaye.

Da la'asar muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D. Yaya ya ƙi ɗaukar motarsa, ya ce yau ba aiki ya fito ba. A cikin jirgin muka yi maganar da na san ita ce za ta fara zo maka a rai, wato yankan wane ne. Keens ba gidan halal ba ne, ba su kuma ce shi ne ba. Musulmin da ke zaune a can sun kasu biyu. Wasu suna bin malaman da suka halatta yankan Ahlul Kitabi, suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida. Wasu kuma suna ganin yadda ake yanka a manyan mayankan Amurka bai kwanta musu a rai ba, sai su bari. Yaya yana cikin na farko, matarsa tana cikin na biyu, kuma sun yi shekaru a haka ba tare da ɗaya ya matsa wa ɗaya ba. Ta ce ita kifi za ta ci. Ni na bi Yaya.

Mun fito a dandalin Herald, daidai katafaren kantin Macy's. In ka ɗaga kai sai ka ga benen Empire State mai hawa 102, wanda aka gama a 1931, yana tsaye a kan mutane. Ina ta duban manyan gine-gine ina jiran a nuna mini ɗaya a ce shi ne. Sai muka karya kwana zuwa Titi na 36, Yaya ya tsaya a gaban wani tsohon gini gajere mai baƙin katako. Da ni kaɗai ne, da na wuce shi.

Ciki da ɗan duhu, bango duk katako ne da ya sha shekaru, an lulluɓe shi da tsofaffin hotuna da takardun tallan wasan kwaikwayo. Na fi minti guda ina duban rufin ɗakin kafin na gane abin da nake gani. Lofe ne, wato tukunyar shan taba, ta farin yumɓu mai dogon wuya siriri, an jera su a rataye ɗaki bayan ɗaki, dubun-dubata, ba ka ganin silin sai su. Ma'aikacin da ya kai mu tebur ya ga na tsaya, sai ya yi mana bayani, 'yarmu tana ƙara mini abin da ya wuce ni. Al'adar daga Ingila ta zo: irin wannan lofen ba ya jure tafiya, da ka sa shi a jaka sai ya karye, shi ya sa matafiya suke barin nasu a masaukin da suka saba. A nan ma haka aka yi. Mutum ya yi rajista, a rubuta wa lofensa lamba, in ya zo ya ci ya ƙoshi sai yaro ya ɗauko masa. A bakin ƙofa akwai akwatin gilashi mai ɗauke da na manyan mutane, har da na Shugaba Theodore Roosevelt da na masanin kimiyya Albert Einstein da na Janar Douglas MacArthur. Tun 2003 dokar birnin ta hana shan taba a gidajen abinci, saboda haka babu mai kunna ko ɗaya yanzu, amma ba a sauke su ba.

Gidan ya fara ne a 1885 a hannun wani Albert Keen, lokacin da unguwar take cike da gidajen wasan kwaikwayo, 'yan wasa suna shigowa su ci abinci da kwalliyarsu a fuska. Maza kaɗai ake bari su shiga. A 1905 wata fitacciyar 'yar wasa daga Birtaniya, Lillie Langtry, ta kai su kotu a kan haka ta yi nasara, yau ma akwai ɗaki da sunanta a sama. Da aka zo nan a bayanin, matar Yaya ta dubi 'yarta ta yi murmushi. Akwai kuma ɗakin Lincoln, inda suke nuna wata takardar shirin wasa da suke cewa ita ce a hannun shugaban a daren da aka harbe shi a 1865. An taɓa rufe gidan a ƙarshen shekarun 1970, wani likita ya saye shi ya gyara ya sake buɗewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin sayar da nama ya haura shekara 130 a kan titi ɗaya, yana riƙe da kayan abokan cinikinsa da suka daɗe da mutuwa. Na yi ta tunanin masu tukubar da aka sani a garinmu da suna, waɗanda da sun rasu sai wurin ya bi su.

Muka zauna. Farin ƙyalle a kan tebur, wuƙa da cokali mai yatsu iri-iri, kofunan gilashi biyu a gaban kowa. Aka kawo takardar giya, Yaya ya ce ba ma sha, ma'aikacin ya kwashe kofunan giyar ba tare da ya canza fuska ba, ya cika mana na ruwa. Kafin mu ce komai an ajiye burodi da man shanu da ɗanyen karas da zaitun masu sanyi. A jerin abincin buɗe baki akwai naman alade, 'yarmu ta nuna mini shi da yatsa don in san wurin da zan tsallake.

Daga nan aka yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba a rayuwata: yaya nake so a gasa naman? A wurinmu nama ko ya gasu ko bai gasu ba. A wurinsu matakai ne, daga wanda wuta ta taɓa bayansa kawai cikinsa yana jajir, zuwa wanda ya gasu har ƙashi. Mafi yawan masu zuwa nan na kusa da ɗanye suke so. Na dubi farantin teburin da ke gefenmu, na ga jan ruwa yana kwance a ƙarƙashin naman, gabana ya faɗi.

"Baffa, ba jini ba ne," in ji 'yarmu. "Jini yana fita tun a wurin yanka. Wannan ruwan tsoka ne, da wani sinadari mai suna mayogulobin da ke riƙe iska a cikinta. Shi ne ke sa naman sa ya yi ja, na kaza ya yi fari."

Na yarda da ita, karatunta ne. Duk da haka na ce a yi mini tsaka-tsaki.

Abin da gidan ya yi suna a kansa, duk da cewa gidan naman sa ne, gadon bayan rago ne. Shi na nema. Yanka ɗaya ne, kaurinsa ya kusa faɗin yatsu uku, nauyinsa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, ƙashin baya a tsakiya, tsoka hagu da dama, ga kitsen gefe ya soyu ya naɗe. An haɗo shi da wani ganye mai ɗan ɗaci. Babu yaji, babu ƙuli, babu albasa. Gishiri ne da wuta. Da na sa wuƙa sai ta shige ba gardama. Ƙanshin rago ne sosai, wanda ka sani, sai dai ban taɓa jin sa shi kaɗai ba tare da citta da barkono sun rufe shi ba. Lomar farko na ji kamar da saura. Zuwa ta huɗu bakina ya daina neman yaji, na fara jin bambancin tsokar da ke jikin ƙashi da ta gefen kitse. Wani abin mamaki, Amurkawa ba masu cin rago ba ne, abin da mutum ɗaya yake ci a shekara a matsakaici bai kai kilo guda ba. Ke nan abin da yake na yau da kullum a wurinmu, shi ne abin da suke zuwa nema a wannan gida.

Yaya da 'yarsa suka haɗa faranti ɗaya na naman sa, wani babban yanka mai ƙashi a tsakiya, wanda ake yi wa mutum biyu. Suka ɗan yankar mini. A nan na gane inda kuɗin yake tafiya. Ma'aikatar noma ta Amurka tana duba naman shanu ta ba shi daraja, mafi girma ita ce wadda kitse ya ratsa cikin tsoka zare-zare. Irin wannan yana samuwa ne daga shanun da aka tsare a ƙarshen rayuwarsu aka ɗura musu masara. Bunajinmu da Rahaji da Gudali kuwa a ƙafa suke rayuwa, daga makiyaya zuwa mashaya, dole tsokarsu ta yi ƙarfi. Bayan haka, ba a gasa naman a ranar da aka yanka. Ana ajiye shi makonni a ɗakin sanyi da bai kai ga ƙanƙara ba, iska tana kaɗa shi. Ruwan jikinsa ya ragu, ɗanɗanon ya taru, sinadaran cikin tsokar su sassauta ta da kansu. Bayansa ya bushe ya yi baƙi, a fere a zubar. Ka ga an yi asarar nauyi sau biyu kafin a kai ga wuta, mai ci ne kuma zai biya. Mu ma muna da ɗan abin da ya yi kama da haka, ragon layya da ake ratayewa ya kwana kafin a sa masa wuƙa, kuma duk mahauci zai gaya maka na washegari ya fi daɗin aiki. Amma kwana ɗaya ne iyakar abin da zafinmu da wutar lantarkinmu za su bari.

Sai dai ba naman nake kallo ba a yawancin lokacin. Yarinyar nan 'yar fari ce. Yaya bai taɓa kiran sunanta a gabana ba, kuma ko a wurin bikin da aka kira ta ta karɓi takardarta, uwarta ta yi guɗa, shi kansa a ƙasa yake. A gida da wuya ka ga uba yana cin abinci da 'yarsa ta fari a kwano ɗaya. A wannan teburin kuwa babu shimfiɗar maza daban ta mata daban, ga su kafaɗa da kafaɗa. Na lura duk yankan da ya fi taushi, na ɓangaren da ba shi da yawa, sai ya tura shi gefenta da bakin wuƙa ba tare da ya dube ta ba. Ita ma ba ta ce komai ba, tana ɗauka tana ci. Da ma'aikacin ya ji dalilin zuwanmu, ya kawo mata kayan zaƙi da ɗan kyandir a kai, mutanen teburin gefe suka tafa. Wani dattijo Bature ya taso ya miƙa wa Yaya hannu ya taya shi murna. Yaya ya ce ya gode, sannan ya juya ya ce da Hausa, a hankali, "Allah Ya yi miki albarka." Ta ce, "Amin, Baba." Iyakar jawabin da aka yi ke nan a daren, kuma ni ban ga abin da ya rage ba a faɗa ba.

Mun fi awa biyu a zaune, babu wanda ya nuna mana ana jiran teburin. Kuɗin kuwa, faranti ɗaya na nama ya haura dala 60, kuma naman kaɗai ke nan. Dankalin turawa daban, alayyafo da aka dafa da madara daban. A kan jimla akwai harajin sayayya na jiha da na birni a haɗe, kashi 8.875 cikin ɗari, sannan tukuicin ma'aikaci wajen kashi 20, wanda a can ba ganin dama ba ne, da shi suke rayuwa. In ka juya shi zuwa naira abincin ba zai zauna maka ba. Yaya ya biya bai nuna wa kowa takardar ba. Abin da ya rage, har da ƙashin, aka naɗe mana a jaka, kuma na ga masu kwat ma suna fita da tasu ba kunya.

Da muka fito ƙarfe takwas ta yi amma da sauran haske, domin a ƙarshen watan Mayu rana ba ta faɗuwa a Niyok sai bayan takwas. Muka taka zuwa wani masallaci a Titi na 29 da direbobin tasi suke yawan tsayawa, muka samu Magariba. Abokan aikin Yaya biyu suka gan shi da babbar riga ranar aiki, suka tambayi ko lafiya, ya ce yarinya ce ta gama makaranta.

In ka tambaye ni wanne ya fi, a taushi sun fi mu nesa ba kusa ba, kuma sun san darajar haƙuri da nama. A daɗin baki kuwa, balangu mai zafi da yaji da albasa har yanzu shi ne nawa. In Allah Ya kai ka Niyok kuma kana da wanda kake so ka karrama, ka kama tebur da wuri, ka nemi ragon, ka ware kuɗin tukuici tun daga gida. In kuma zuciyarka ba ta kwanta da yankan ba, akwai kifi, matar Yaya ta ce nata ya yi daɗi.