Abin Da Ke Cikin Kwalbar Yaji

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu mutanen yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, miyarmu ta fiye da rabin shekara a bushe take zaune: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, barkono da citta. Da kaka ake tanadinsu, a yi ta ci har damina ta kankama. Saboda haka, ya mai karatu, duk wanda ya raina maganar ajiyar kayan miya, to lafiyar 'ya'yansa ya raina.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma tana da dokokinta. A inuwa take shanya kuka don kada rana ta cinye korenta. Citta da kanumfari da masoro gudansu take ajiyewa, ba ta daka sai na wata guda. Wake kuwa sai ta cuɗe shi da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Sai da na je kwalejin horon malamai na gane hikimar. Ƙamshin yaji wani mai ne da ke tashi cikin iska. Gudan citta yakan yi shekara 2 zuwa 3 da ƙarfinsa, dakakke kuwa bayan wata 6 ya fara sanyi. Maƙiyan kayan bushewa huɗu ne: danshi, zafi, haske da iska.

To amma ɓarnar da ido ke gani ko hanci ke ji mai sauƙi ce, zubarwa kawai za a yi. Wadda ke hana ni barci ita ce ɓoyayyiya.

Ta farko funfuna ce. Gyaɗa ko masara ko barkonon da aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, ko wanda ruwa ya taɓa kamar yadda ambaliyar 2024 ta yi wa gidajen Gummi, yakan haifar da gubar da ake kira afulatoksin. Tafasa ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana kuma tauye girman yaro.

Ta biyu maganin ƙwari ne. Wasu 'yan kasuwa kan yayyafa wa wake maganin feshi don kada ya huje. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan guba. Turawa sun ƙi ci, mu muka ci gaba da dafawa, alhali ga buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke shaƙe ƙwari ba tare da ko ɗigon magani ba.

Ta uku ita ce ta bar mana tabo. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Hatsin ya baro gona lafiya. A turmi da injin niƙa da dandaɓaryar shanya ƙurar ta hau shi. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wa'adi. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, a Bagega sai 2013, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, kafin su tambayi yaushe aka ajiye abu, su fara tambayar a ina aka shanya shi, a wane turmi aka daka, da me aka adana. A shanya bisa tabarma mai tsabta nesa da ƙasa. A ware turmin abinci. A ɗora buhu kan katako, kada ya jingina da bango. A rufe kwalba, a nisanta ta da murhu.

'Yan'uwa marubuta, littattafanmu cike suke da amare masu iya girki. Ina ma wata rana jarumar labari za ta tsaya a bakin injin niƙa ta tambayi abin da aka niƙa kafin nata. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.