Shafin Da Zai Buɗe A Doguwa

Kowace sana'a da kayan aikinta. Tela yana da keke da almakashi da alli, maƙeri yana da uwar maƙera da zugazugi da awartaki, manomin rani kuma ba ya rabuwa da injin ban ruwa. Mai gina shafin intanet ma yana da nasa, sai dai yawancinsu kyauta ne, kuma da yawa daga ciki suna shiga wayar da ke aljihun yayanka. Shi ya sa idan na je gida Ƙiru hutu, ɗalibai suka tare ni da tambayar wace kwamfuta ya kamata su saya, nakan ce musu mu fara da abin da ke hannu tukuna. Ni da waya na fara bayan na gama sakandare, kuma sai da na yi fiye da shekara ina aiki da ita kafin na mallaki kwamfuta.

Ƙannena, ina so in nuna muku abin da ke cikin akwatin kayan aikina da yadda nake jera aiki daga farko zuwa ƙarshe. Zan yi misali da wani aiki da na yi wa wata ƙungiyar manoma da masu casar shinkafa a Tudun Wada. Buƙatarsu ita ce mai saye daga kasuwar Dawanau a Kano, ko daga Jos, ya ga farashin buhu na wannan mako da lambar da zai kira, ba sai labari ya bi ta bakin mutum uku kowa ya ɗora nasa ba. Idan shafin bai buɗe ba, ko ya nuna tsohon farashi, gumin damina guda ne zai tafi a araha.

Kayan aikina na farko takarda ce da biro. Kafin in taɓa waya, nakan zauna da masu aikin in tambaye su wa zai buɗe shafin, da wace irin waya, kuma me yake nema. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne sa'an mahaifina, ya so a sa hoton kowane mamba a sama. Na ce masa, “Baba, mai saye farashi ya zo gani. Mu sa farashi a sama da lambar waya, hotuna su biyo baya.” Ya yi shiru, sannan ya ce in zana masa ya gani. Na zana akwati uku a takarda: farashi, lambar kira, sai wurin da ake loda kaya. Minti goma muka yi muka daidaita. Gyara a takarda ba ya cin data, ba ya cin caji.

Daga nan sai rubutun shafin. Harsuna uku ne ginshiƙi. HTML shi ne tubali da ginin ɗaki, shi ke cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. CSS shi ne yaɓe da fenti, wato launi da girman haruffa da tazara. JavaScript kuma shi ne wayar wuta da makunni, shi ke sa abu ya motsa idan an danna. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya kawo tsarin shafukan intanet a 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke Siwizalan, shafin farko kuma ya fito wa jama'a a 1991. Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a 1995, CSS ya biyo baya a 1996. Ku fara da HTML, ku bi da CSS, kada ku yi gaggawar tsallakawa zuwa manyan manhajojin da ake ta yayatawa. Shafin masu shinkafa da HTML da CSS kawai na gina shi, kuma har yau yana aiki.

Wurin rubutun shi ne abu na gaba. A kwamfuta ina amfani da Visual Studio Code, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, kuma kyauta ne. Yana sa wa rubutu launi daban-daban, yana nuna maka idan ka buɗe alama ba ka rufe ba. A wayar Android akwai Acode, wanda zai ba ka damar rubutawa ka kuma duba yadda shafin ya fito nan take, ba tare da data ba. Ku riƙe wannan da kyau: gina shafi ba ya buƙatar intanet, ɗora shi ne yake buƙata. Ko kana ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, za ka iya yin aikin mako guda a ɗaka.

Ku saba da tsafta tun daga ranar farko. Kowane aiki da foldarsa. Babban fayil sunansa index.html, hotuna su zauna a folda guda, sunayen fayil su zama da ƙananan haruffa babu tazara a tsakani. Sunan da ya ce shinkafa-jamila.jpg ya fi wanda ya ce IMG0047.jpg, domin bayan wata uku kai kanka ba za ka tuna me ke cikin na biyun ba.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya daga akwatin nan in bar sauran, Git zan ɗauka. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005. Aikinsa kamar littafin bashin mai kanti ne: duk canjin da ka yi yana rubuta shi da rana da lokaci, kuma kana iya komawa kowane shafi na baya. Umarni uku sun ishe ka farawa. Da git add kake tattara abin da ka canja, da git commit kake rubuta shi a littafin tare da ɗan bayani, da git push kake aika kwafi zuwa GitHub, wani rumbu a intanet da aka buɗe a 2008. A waya ana samun Git ta manhajar Termux. Al'adata ita ce duk lokacin da na gama ƙaramin abu, ko da gyaran kanu ne, sai in ajiye, duk dare kuma in tura.

Ranar da na ga amfanin wannan al'ada, saura kwana uku in miƙa aikin Tudun Wada aka zare mini waya a wata tashar mota. Na ji zafin wayar, amma aikin bai bi ta ba. Washegari na shiga wani shagon kwamfuta, na biya kuɗin awa ɗaya, na rubuta git clone, komai ya dawo har gyaran da na yi daren jiya. Wani abokina da muka koya tare, kwamfutarsa ta ƙone lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi, aikin wata biyu ya tafi, ya mayar wa mai aiki kuɗinsa. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin minti ɗaya yake ci.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi shafar yankinmu. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabayit 4. Idan ka jera guda 20 a shafi, megabayit 80 ke nan mai buɗewa zai biya daga datarsa kafin ya ga komai. A cikin birnin Kano wataƙila ya jure. Wanda ke Riruwai ko Dadin Kowa, da layi ɗaya na sabis, zai rufe ya tafi. Ina rage kowane hoto da Squoosh, wani shafin Google na kyauta, in mayar da shi nau'in WebP, in rage faɗinsa daidai fuskar waya. Hoton megabayit 4 yakan dawo ƙasa da kilobayit 200, kuma ido ba ya ganin bambanci. Bidiyon da ke kunna kansa kuwa ba na sa shi ko an roƙe ni.

Gwaji kashi biyu ne. Na farko a kwamfuta: idan ka danna F12 a burauzar Chrome ko Firefox, wani ɓangare zai buɗe da ke nuna maka kurakuran shafinka da nauyin kowane fayil. A nan za ka iya rage gudun intanet da gangan zuwa na 3G, ka ga yadda mai raunin sabis zai gani, ka kuma matse fuskar ta koma girman waya. Na biyu shi ne na gaske. Nakan ari waya mafi tsufa a gidanmu in buɗe shafin da ita. Na masu shinkafa kuwa a motar Doguwa na gwada shi, daga Tudun Wada muka ratsa dajin Falgore ina sake lodawa duk inda sabis ya leƙo. Da na ga farashi yana fitowa cikin daƙiƙu kaɗan a wuraren da saƙon murya ma ba ya tafiya, na san aikin ya yi. Ma'aunina ke nan har gobe: idan ya buɗe a Doguwa, zai buɗe a Legas.

Akwai kuma abin da darussan Turanci ba za su tuna muku ba, wato haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kun san baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Idan ba ka gaya wa burauza tsarin haruffan da ka yi amfani da shi ba, sunan Ƙiru zai iya fitowa da wasu alamomi marasa ma'ana. Maganin layi ɗaya ne a saman shafi, meta charset="UTF-8", sannan ka sa lang="ha" domin a san Hausa ce. Wasu salon haruffa masu ado ba su da ƙugiyoyin, sai su nuna ɗan akwati a madadinsu. Ku zaɓi wanda ke da su, irin su Noto na Google. A waya kuma Gboard yana da madannan Hausa, sai ku ƙara su a saiti.

Wurin koyo ba ya wuya. Shafin MDN na Mozilla shi ne ƙamus ɗin masu wannan sana'a. freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, yana koyarwa mataki-mataki kyauta. DevDocs kuma yana barin ka sauke bayanan HTML da CSS ka karanta ba tare da data ba. Ranar da na samu sabis mai kyau nakan sauke abin da zan buƙata na mako, kamar yadda ake cefanen ranar kasuwa. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa fasahar zamani, ku sa ido a kansa idan kun gama makaranta.

Na san da yawanku kun fara tambayar ChatGPT da ire-irensa su rubuta muku shafi. Ni ma ina amfani da su, amma da sharaɗi ɗaya: ba na saka layin da ban fahimta ba a aikin mutane. Ranar da shafin ya lalace, kai mai aiki zai kira, ba manhajar ba. Ka ce ta yi maka bayanin kowane layi, ka canja wani abu ka ga abin da zai faru. A haka ake koyo.

Amana ma tana cikin kayan aiki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka akwai tarbiyya. Kada ka sa hoton mutum ko lambarsa a shafi sai da izininsa, musamman yara da mata. A shafin ƙungiyar lambar sakatare kaɗai muka sa, da yardarsa. Kada kuma ka rubuta kalmar sirri a fayil ɗin da za ka tura GitHub, domin idan rumbun a buɗe yake kowa zai gani. Idan aiki na kuɗi ne, ku rubuta abin da kuka yi alkawari da ranar miƙawa, ku cika. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗora shafi shi ne mataki na ƙarshe, kuma GitHub Pages yana yin sa kyauta ga shafi irin wannan. Idan mai aiki yana son suna nasa na kansa mai ƙarewa da .ng, ana saya ta hannun dillalan da ƙungiyar NiRA ta amince da su, ana sabuntawa duk shekara. Bayan ɗorawa na zauna da sakataren ƙungiyar na nuna masa layin da zai riƙa canjawa duk mako, domin shafin farashin da ba a sabuntawa ya fi rashinsa illa.

Ga aikin da nake ba ku na wannan hutun. Ku nemi garinku a intanet ku ga ɗan abin da aka rubuta a kansa da Hausa. Ɗan Bebeji ya gina shafi ɗaya a kan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya tambayi masunta irin kifin da suke kamawa. 'Yar Doguwa ta tambayi kakanta labarin haƙar kuza a Riruwai ta rubuta. Na Ƙiru su yi na kasuwar Kwanar Dangora, na Tudun Wada su bi shinkafa daga gona har buhu. Kanu ɗaya, sakin layi uku, hoto biyu da aka rage, ƙugiyoyi a wurinsu. Ku ajiye da Git, ku ɗora, sannan ku miƙa wa mahaifiyarku wayarta ta buɗe da kanta. Idan ta karanta ba tare da ta tambaye ku inda za ta danna ba, ku fara shafi na biyu.