Labarin Gammon Kakanmu

Ya ku 'yan makaranta, yau muna so mu ba ku labarin wani tsoho wanda ba za ku sami sunansa cikin littafin tarihin da a ke koya muku ba, ko da kun bi shi shafi shafi. Kakanmu ne, mahaifin iyayenmu maza. Mutanen gari suna kiransa Baba Soja, mu kuwa jikokinsa Tsoho mu ke ce masa. Dalilin ba ku labarin nan shi ne, mun taɓa yi masa wani laifi sa'ad da mu ke kamarku, har ya rasu ba mu roƙe shi gafara ba. Muna fata ku ji, don kada ku yi irinsa.

Garinmu ƙauye ne a kudancin ƙasar Katsina, tafiyar yini guda a ƙasa zuwa Funtuwa. Da muka yi wayo mun tarad da Tsoho manomi ne sosai, yana da bijimai biyu da garma, da rumbuna huɗu a bayan gida, da wata babbar gona a bakin fadama inda ya ke shuka dawa da auduga da gyaɗa. Ba abin da ke nuna ya taɓa yin soja sai tafiyarsa, don ko da ya tsufa wuyansa a miƙe ya ke kamar an kafa tabarya. Sai kuma wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda ba mai taɓawa. Ba ya kuma cin shinkafa ko ran Salla, ya kan ce rabonsa na shinkafa na duniya ya cinye shi a Bama.

To, kun san halin yara. Mu dai mun ji an ce kakanmu ya je yaƙin Bama, sauran labarin kuwa sai muka ƙaga da kanmu. Kullum a makaranta muna cika baki, wai Tsoho ya kashe Jafanawa ba iyaka, wai harsashi ba ya cinsa. Ana nan, ran nan sai malaminmu ya ce ko wane yaro ya je ya tambayo wani dattijo labarin zamanin da, ya rubuto. Muka ce tsuntsu daga sama gasasshe. Da magariba ta yi muka kewaye Tsoho a zaure, babbanmu ya ce, "Tsoho, Jafanawa nawa ka kashe a Bama?"

Ya dube mu, ya yi dariya, ya ce, "Kai, 'yan boko! Ko ɗaya. Ni ban taɓa harbin ɗan Adam ba. Adda aka ba ni, da gammo."

Muka yi tsammani wasan jika da kaka ne. Sai ya tashi ya jawo akwatin nan, ya buɗe. Ya fito da wata lamba mai siffar tauraro mai tsini shida, ya ce wannan ita ce lambar Bama, duk wanda ya yi yaƙin can an ba shi. Sa'an nan ya fito da wani ɗan ƙyalle da ya koɗe, irin wanda a ke ɗinkawa a hannun rigar soja, da zanen mashi biyu gicciye bisa wani abu kewayayye. Ya ce, "Wannan alamar rundunarmu ce, runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Masu bindiga su ne mashin. Wannan na tsakiya kuwa, ku duba da kyau, gammo ne. Mu ke nan, masu ɗaukar kaya."

Jama'a, kunyar da muka ji a daren nan Allah kaɗai ya sani. Ashe jarumin da mu ke taƙama da shi ɗan dako ne! Muka tashi sumul sumul, ko sai da safe ba mu ce masa ba. Gari ya waye muka rubuta ƙaryarmu ta da, muka kai wa malam, aka yaba mana, har aka karanta a gaban aji. Labari ya komo gida, don ba a ɓoye magana a ƙauye. Tsoho bai ce mana kome ba, amma tun daga ranar ba mu sake ganin akwatin nan a buɗe ba.

Kakarmu, wadda mu ke kira Iya, ita ce ba ta haƙura ba. Ta tara mu a ɗakinta, ta ce tun da mun iya rubutu har muna sake wa mutum tarihi, to, mu zauna mu ji na gaskiya. Abin da za mu gaya muku yanzu daga bakinta muka fara jinsa, daga baya muka ƙara da abin da muka tsinta wajen Tsoho a gona, da abin da muka karanta bayan mun girma.

Mahaifin Tsoho bawa ne. Tun yana yaro ƙarami, kafin Turawa su ci ƙasar Hausa a 1903, mahara suka kamo shi daga wani gari can kudu, aka sayad da shi, aka kawo shi rinjin wani mai sarauta. Har ya mutu bai san sunan garinsu ba, bai kuma riƙe kome na harshen uwarsa ba sai 'yan kalmomi da ya kan faɗa in ya yi tuntuɓe. Turawa sun yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, amma shi an haife shi kafin nan, saboda haka sai da ya yi shekaru yana biyan murgu kafin ya fanshi kansa. Ba a kashe bauta ɗungum a ƙasar nan ba sai 1936. Ya sami kansa, amma bai sami ƙasa ba. Da damina ya noma gonar aro, ya yi ƙodago a gonakin mutane. Da rani ya naɗa gammo ya ɗauki audugar wasu zuwa kasuwa. Kun ga ashe gammon nan gādo ne a gidanmu, ba a Bama aka fara shi ba.

Tsoho ya tashi cikin wannan hali. Da ya isa aure ya nemi Iya, mahaifinta ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ana cikin haka yaƙin duniya na biyu, wanda aka fara a 1939, ya matso har ƙauyuka. A 1942 aka yi yunwar da mutanen wajenmu ke kira 'Yar Gusau. A shekarar nan kuma Gwamnati ta fara ɗiban mutane tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, don Jafanawa sun ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila ke samun kuza. Da aka zo garinmu, wa za a fara nunawa in ba 'ya'yan wanda ba shi da kowa ba? Aka tafi da wan Tsoho. Sanyin duwatsun can ya shige shi, ya komo yana tari, bai ga kaka ba. Da aka sake aiko wa dagaci ya ba da samari don soja, Tsoho bai jira a nuna shi ba. Ya taka zuwa Funtuwa, aka sa su jirgin ƙasa zuwa Zariya, inda a ke horad da sababbin soja. Ya kan ce shi bai san Sarkin Ingila ba, bai san abin da ya haɗa shi da Japan ba, abin da ya sani shi ne a bariki ana ba da tuwo da albashi.

A 1943 aka kafa runduna biyu na mutanen Afirka ta Yamma don yaƙin Bama, ta 81 mai alamar gizo-gizo, da ta 82 mai mashi da gammo. Tasu Tsoho ta tashi a 1944. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, sai ga shi makonni bisa teku daga Ikko har Indiya. Wajen ƙarshen shekarar suka shiga yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar.

Ku tsaya ku ji irin wannan ƙasa, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane aikin gammo ba. Duwatsu ne masu tsawo bi da bi, kurmi da gora sun rufe su, tsakaninsu kuma rafuka ba iyaka. Mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari sai ya ƙi. To, soja ba ya yaƙi sai da harsashi da abinci da magani. Jirgin sama ya kan zo ya sako kaya da laima, amma jirgi ba ya hawa dutse da kai. Daga inda kayan suka faɗo zuwa bakin dāga, kan mutum ne hanya. Su Tsoho ne ke sare kurmi da adda su fid da turba, su share fili don ƙananan jirage su sauka. Su ne ke ɗaukar akwatunan harsashi, da manyan bindigogi da aka kwance gunduwa gunduwa, da na'urar waya. In an yi arangama su ne ke ɗauko waɗanda aka yi wa rauni. Harsashin Jafanawa kuwa ba ya tambaya ko mutum na riƙe da bindiga. Ga zazzaɓi, ga matsattsaku masu shan jini, ga ruwan sama wanda in ya tsuge sai a yi kwanaki ba a ga rana ba.

A watan Janairu na 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci Miyohan, tsohon babban birnin Arakan. In kun je Kaduna kuka ji ana cewa barikin Kalapanzin ko barikin Dalet, to, sunayen wurare ne na can Arakan inda mutanenmu suka bi. Abu guda kaɗai Tsoho ya taɓa gaya mana da bakinsa game da faɗan, shi ma muna cikin girbi ne, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce sun taɓa ɗauko wani saurayi Bazazzagi da aka harba a ciki, su huɗu, suka yini suna tafiya da shi, yana ta kiran uwarsa. Da suka isa wurin likita suka sauke, ashe ya daɗe da cikawa. Ya ce duk kayan da ya ɗauka a duniya ba wanda ya kai wannan nauyi.

Japan ta sallama a watan Agusta na 1945, su Tsoho suka komo gida a 1946. Mazan jiya da yawa sun zauna birni, waɗansu suka sami aikin dogari ko gadi ko tuƙin mota, waɗansu kuɗinsu ya ƙare wajen keke da tufafi kafin shekara ta kewayo. Tsoho kuwa tun yana Indiya ya ga abin da ya tsaya masa a rai, watau talakawan can suna huɗa da shanu, mutum guda yana gama aikin da zai ci mutum da yawa da hauya. Da ya sauka gida, ya kwance abin da ya tara na albashi da kuɗin sallama, ya sayi gonar nan ta bakin fadama a gaban dagaci da shaidu. Iya ta ce ran da aka nuna masa iyaka, ya je ya kamo hannun mahaifinsa, wanda ya riga ya makance, ya bi da shi kewayen gonar kaf. Tsohon ya durƙusa ya damƙi ƙasa, ya ce, "Tamu ce?" Aka ce, "Taku ce." Ita ce ƙasa ta fari da wani a zuriyarmu ya mallaka. Bayan wannan ya karɓi rancen bijimai da garma ta hannun En'e, irin wanda a ke ba manoma a lokacin, ya biya cikin 'yan shekaru da kuɗin auduga. Mahaifin Iya kuwa da kansa ya aiko a zo a yi maganar aure.

Ba za mu ce muku daga nan sai daɗi ba. Farin 1973 ya kashe masa sa guda, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta bar shi da kara. Amma ko sau ɗaya bai jinginad da gonar ba. Daga cikinta aka biya haraji, aka yi wa iyayenmu aure, aka sai mana allo da littafi. Watau ko alƙalamin da muka rubuta ƙaryar nan da shi, gammon Tsoho ne ya saya.

Mun yi ta niyyar mu je mu durƙusa mu ce, "Tsoho, ka yafe mana." Da fari kunya ta hana, daga baya karatu da aiki suka watsa mu birane, kullum muna cewa sai mun zo hutu. Wata damina aka aiko mana ya rasu. Da aka buɗe akwatinsa don rabon gādo, ban da lambar da ƙyallen, sai ga takardar nan tamu ta makaranta a ninke. Shi bai iya karatun boko ba, ya dai san jikokinsa ne suka rubuta, kuma a kansa aka rubuta, ya ajiye.

Yanzu mun yi yawa, gonar kuwa ba ta ƙaru ba. Wani mai kuɗi ya taya ta da tsada, waɗansu daga cikinmu suna da bukata ta gaske, ba kuwa za mu zarge su ba. Mun yi zama biyu ba mu daidaita ba. Abin da muka yarda a kai dai shi ne, kafin a sake zama, sai an karanta wa ƙanananmu labarin nan, don in za su sayar, su san abin da su ke sayarwa.

Ku kuma, 'yan makaranta, in kun koma gida hutu, ku zauna gaban tsofaffinku ku tambaye su, sa'an nan ku rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ko da bai yi muku daɗin ji ba. Kada ku ce sai baɗi. Allah ya ji ƙan Tsoho da mahaifinsa da saurayin nan Bazazzagi, ya sa mu cika da kyau, amin.