Kano zuwa Abuja da goyo: minti 50 a sama, yini guda a ƙasa

Ranar da aka kira ni cewa an shiga da ƙanwata tiyatar haihuwa a Abuja, ban tsaya dogon shawara ba. Haihuwar fari ce, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya mai nisa. Abban yara ya ce in hau jirgi, "ai awa ɗaya ce." Washegari na saɓa 'yata mai wata takwas muka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano.

Bai yi ƙarya ba. Daga Kano zuwa filin Nnamdi Azikiwe kilomita 360 ne da 'yan kai idan aka miƙe ta sama, jirgi kuma yakan cinye su cikin minti 50 ko kusa da haka. A mota sai an bi ta Zariya da Kaduna, sama da kilomita 400, kuma duk wadda ta taɓa yin wannan hanya da jariri a cinya ta san ba ta ƙarewa da wuri.

Sai dai watan Janairu ne, hazo ya rufe Kano. Jirginmu na ƙarfe goma ne, amma wanda zai kwashe mu bai ma taso daga inda yake ba, domin matuƙi ba ya sauka sai yana iya hango titin sauka daga wani nisa da doka ta ƙayyade. Aka ce mu jira sha biyu. Aka ce biyu. Ni kuwa, da lissafin awa ɗaya a kaina, nafkin uku kacal na bari a jakar hannu, sauran duk suna cikin akwatin da aka riga aka karɓa. Wata baiwar Allah mai tafiya da jikokinta ce ta rufa min asiri da guda biyu, ta kuma riƙe min yarinyar na yi sallar azahar. Ko sunanta ban tambaya ba, abin da har yau yake damuna.

Ita ce ma ta ce in ba yarinyar nono lokacin tashi da lokacin sauka, saboda haɗiya tana buɗe kunnen da iska ta toshe. Na bi maganarta. Wani yaro a bayanmu ya yi ta tsala ihu tun da jirgin ya fara yin ƙasa, tawa kuwa barci ma ta yi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, ma'aikaciyar jirgi za ta ba ki ƙaramin bel ki haɗa da naki.

Ana kiran la'asar muka tashi. Daga taga na ga jan ƙasar Kano ta ɓace cikin ƙura, ban gama gyara zama ba duwatsun Abuja suka bayyana.

Saura kuma shiga gari. Filin Abuja yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ƙanwata kuma can ɓangaren Nyanya take, mun kuwa faɗa daidai tashin ma'aikata. Wannan guntuwar tafiya ta fi ta jirgin cin lokaci.

Bayan isha na shiga ɗakin. Ta farfaɗo, ɗan na kwance a gefenta, namiji. Da ta gan ni sai ta ce, "Yaya, ai na ɗauka a mota kika taho."