Talo-talo a Tukunyar da Ta Saba da Naman Sa

Yau shekara guda ke nan da 'yan kwanaki tun ranar da Abban yara ya dawo daga asibiti, ya ajiye takardar gwajin jini a kan tebur bai ce uffan ba. Kitse ya yi yawa a jininsa, hawan jini kuma ya fara leƙowa. Likita ta rubuta masa magani, ta ce ya riƙa tattaki, ta kuma ce a rage jan nama. A cikin ukun, na ƙarshen ne ya fi yi masa nauyi. Mutum ne da ya tashi a Zariya, wanda in mun je gida hutu, kafin a gama shigo da jakunkuna ya riga ya aika a sayo masa balangu mai tozo. Nan Bronx ma, a birnin New York, niƙaƙƙen naman sa ba ya yankewa a firizarmu. Da shi nake sambusa, da shi nake miyar taliyar yara.

Washegari na je wurin mahaucin da muke sayen naman halal na karɓo niƙaƙƙen talo-talo, domin a ƙasar nan duk wanda aka hana jan nama shi ake nuna masa. Na dafa shi yadda na saba dafa na sa, na juye a kasko na yi ta juyawa. Kafin minti biyar ruwa ya cika kaskon, naman ya koma launin toka, ƙarni ya tashi. Da ya dahu kuma sai ya bushe, a baki kamar dusa. Yara suka tsince taliyarsu suka bar shi a gefen faranti. Shi kuwa ya cinye nasa tas, ya ce, "Sannu da aiki, Maman yara, da babu gara ba daɗi."

Maganar nan ta kwana a raina. Mutumin da takardar asibiti ta riga ta tsorata, bai kamata a ce kullum zai zauna gaban abinci yana haɗiya don dole ba. Na kuma san abin da zai biyo baya. Wata ɗaya, wata biyu, sai ya fara tsayawa a hanya yana sayen abin da aka hana shi. Abincin lafiyar da ba ya ciwuwa ba ya yi wa kowa magani.

Da safe na kira Inna na kwashe labari na gaya mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, naman da ba shi da kitse ai kamar baƙo ne mai kunya, sai an ja shi da hira. Kin ba shi wuta? Kin sa masa daddawa?" Na ce, "Inna, wannan fa naman Turawa ne." Ta ce, "Zabuwa ma ba ta da kitse. Kin taɓa jin wanda ya ce ba ta da daɗi?" Duk abin da na koya a shekarar nan, ko a tukunya ko a littafi, bayanin maganar nan ce ta Inna.

Farko dai sai a san abin da aka sayo. A kantunan nan akwai lambobi biyu a jikin kowane ƙunshi. In an ga 93/7, to a kowane giram 100 akwai kitse giram 7. Akwai mai 99, wanda tsokar ƙirji ce zalla, shi ne ya fi saurin bushewa, kuma shi na fara saye. Akwai mai 85/15, wanda aka niƙa har da fata, kitsensa bai yi nisa da na naman sa mai 80/20 ba, saboda haka wanda ya saye shi don neman lafiya bai rage wani abin kirki ba. Mai 93/7 ne tsaka-tsaki. Abin da ya fi min duka shi ne in sa mahauci ya zare min tsokar cinya, ya cire fatar, ya niƙa a gabana. Cinya ita ke aiki a jikin tsuntsu, shi ya sa namanta ya fi duhu, ya fi damshi, ya kuma fi kusa da ɗanɗanon jan nama.

Sai na zauna na tambayi kaina, me muke so ne a naman sa? Na ga abu uku ne: maiƙo, garɗin gashi, da wani daɗi mai zama a harshe bayan an haɗiye. Kowannensu akwai hanyar samar da shi.

Na fara da wuta, don nan kuskurena ya fi girma. Garɗin da muke ji a tsire da balangu daga gefen da ya yi ja yake fitowa. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda abin yake a 1912: in zafi ya yi ƙarfi, sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin nama sukan haɗu su haifar da launi da ƙamshi. Wannan ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Ke nan muddin da ruwa a kasko, dahuwa ake yi, ba suya ba. Yanzu nakan danne naman da takardar kicin ta tsotse ruwan jikinsa, domin niƙaƙƙen nama ba a wanke shi. In ɗora kaskon ƙarfe mai kauri ya yi zafi sosai, in zuba mai, in shimfiɗa naman a faɗi kamar waina guda babba, sannan in janye hannuna. Minti huɗu ko biyar ba na taɓa shi. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin juyawa, amma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai ƙasan ya yi ja zan kifa shi, daga baya in farfasa. In naman da yawa, kashi biyu nake soya shi, don in kasko ya cika sai ya huce, ruwa ya sake fitowa. Ƙanzon da ya kama a gindin kasko kuma ba na yarda ya tafi wurin wanke-wanke. Ɗan ruwa ko romo nake zubawa in kankare shi ya narke cikin miya, rabin daɗin yana nan.

Sai maiƙo. Da farko tsoron mai nake ji gaba ɗaya, har na zauna na yi lissafi. Rabin kilo na naman sa mai 80/20 yana ɗauke da kitse giram 100. Rabin kilo na talo-talo mai 93/7 yana da giram 35. In na ƙara babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man zaitun, wajen giram 14 ke nan, jimilla ba ta kai 50 ba. An rage rabi, kuma man da aka ƙara ba irin mai daskarewa ba ne da likitocin zuciya ke gargaɗi a kai. Cokalin nan yana da wani amfanin kuma. Ƙamshin yawancin kayan yaji a cikin mai yake narkewa, shi ya sa in aka barbaɗa su a kan nama marar kitse sai su zauna a sama kamar ƙura. Nakan tura naman gefe, in zuba citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari a cikin man su yi kamar rabin minti, sannan in haɗe. Citta da tafarnuwa ne ke kashe ƙarni. Tumatirin gwangwani ma a nan nake soya shi har ya yi duhu, tsaminsa ya tafi.

Bushewa kuwa da albasa nake maganinta. Nakan goge rabin albasa a magogi in cuɗa ta cikin naman har da ruwanta. In ƙwallon nama zan yi, sai in jiƙa ɓargon burodi yanka ɗaya da ɗan madara ko kindirmo in haɗa, shi ke riƙe damshi a ciki. Akwai kuma dabarar da masu girkin ƙasar nan ke yi, wadda da na gani sai na tuna gida: kwatan cokalin shayi na bekin soda, a narka da babban cokalin ruwa, a cuɗa da rabin kilo na nama, a bar shi minti 15. Yana sa tsoka ta riƙe ruwanta, ta kuma yi saurin yin ja. Aikin da kanwa ke yi wa wake da nama mai tauri a tukunyar iyayenmu ke nan, don kusan dangi ɗaya suke. Sai dai su biyun suna da sinadarin sodiyam irin na gishiri, saboda haka a gidan mai hawan jini ba kullum nake sawa ba, kuma ranar da na sa nakan rage gishiri. In ya yi yawa ma abincin kan yi ɗanɗanon sabulu.

Na uku, wato daɗin nan mai zama a harshe, shi ne wanda Inna ta nuna min hanyarsa da ta ambaci daddawa. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa bayan zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri akwai ɗanɗano na biyar, ya kira shi umami, ya kuma nuna daga sinadarin gulutamet yake fitowa. Shi ne daɗin romo, wanda muke so a naman sa. Mu kuwa tun kaka da kakanni muna da ma'ajiyarsa. In aka dafa kalwa, 'ya'yan ɗorawa, aka rufe ta kwanaki ta ruɓa, sinadaran gina jikin da ke cikinta sukan warware su saki wannan gulutamet. Daddawa ke nan. Cokalin shayi ɗaya na dakakkiyar daddawa, a soya shi a cikin mai tare da albasa, yana mai da rabin kilo na talo-talo abin da ake santi a kai. Kantunan 'yan Afirka na nan Bronx ba sa rasa ta. In babu, garin busasshen kifi yana yi, haka laimar kwaɗi irin ta ci da ake sayarwa a kanti, a yanka ta ƙanana a soya har ta yi ja. Wannan ya taimake ni wajen rage dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma dunƙulen nan mafi yawansa gishiri ne. In ana cika shi don a rufe lamin nama, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne dahuwa. Naman tsuntsu yakan ɗauko ƙwayar salmonela, niƙa kuma tana baza ta ko'ina a cikinsa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce sai tsakiyarsa ta kai digiri 165 a ma'aunin Farenhait, wato 74 a Salshiyos. Launi ba shaida ba ne. Na sayi ɗan ma'aunin zafi da ake sokawa a nama, da ya nuna 74 nake saukewa. Kafin in same shi, tsoro ne ke sa in bar nama a wuta har ya wuce misali, rabin bushewar daga nan take.

Abin da ya fi karɓuwa a gidanmu shi ne tsiren tanda. Rabin kilo na niƙaƙƙiyar cinya, gogaggiyar albasa, tafarnuwa, citta, attaruhu ɗaya, cokalin daddawa, da babban cokali biyu na garin ƙuli-ƙuli. In cuɗa a hankali, in sa a firji rabin awa ya kama jikinsa, in mulmula a jikin tsinke, in shafa mai kaɗan, in birgima shi a yaji. Sai in kai shi sama kusa da wutar tanda, in juya sau ɗaya. A ci da yankakkiyar albasa da tumatir da kabeji.

Wata rana ina wannan haɗin sai wani tunani ya zo min. Talo-talo asalinsa ɗan wannan nahiya ne, mutanen yankin da ake kira Meksiko a yau suna cikin waɗanda suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Barkono da tumatir da gyaɗa su ma daga nahiyoyin Amurka suka fito suka iso mana. Yau wa zai ce ƙuli-ƙuli baƙo ne a ƙasar Hausa? Kakanninmu sun karɓi baƙon abinci, sun ba shi lokaci, har ya zama ɗan gida. Abin da ake nema a wurina bai wuce wannan ba.

Ba na so wata ta karanta wannan ta ɗauka talo-talo magani ne. Abban yara yana shan maganinsa, yana tattakinsa bayan sallar asuba, yana komawa asibiti a kan lokaci. Naman sa ma ba mu yi sallama da shi ba, yana zuwa ranar Juma'a da lokacin salla, kuma in aka sami marar kitse mai 93/7, tazararsa da talo-talo ba ta da yawa. Abin da ya sauya shi ne abincin kullum, wanda shi ke gina jiki ko ya rushe shi a hankali.

'Yar uwa, in likita ya hana wani naki abin da yake so, kada ki ware masa ƙaramar tukunya ta marasa lafiya yana kallon kowa na cin mai daɗi. Ware mutum a wurin cin abinci ciwo ne na biyu. Ki gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, har kowa ya ci bai ji an rage masa komai ba.

Daren jiya na yi tsiren nan. Tsinke ɗaya ya rage a faranti, ƙaramin yaronmu da babansa suka miƙa hannu a lokaci guda. Uban ya raba shi biyu, ya ba yaron rabi, ya dube ni ya ce, "Maman yara, gobe ki ƙara yawansa." Na ɗauki waya na yi wa Inna saƙon murya, na ce mata baƙon nan mai kunya ya saki jiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ci.