Garin alli ya fi mastik a aikin yara

Bara, a ajin CM2 da nake koyarwa a Gugaram, na ba yara labarin yadda Faransa ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko a watan Nuwamba 1965 daga Hammagir, cikin Saharar Aljeriya. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ashe a hamada irin tamu ma roka tana tashi?" Nan take muka ƙudura yin tamu: robar lemo, ruwa kaɗan a ciki, famfon keke, da fukafukai na siririn katakon akwati.

Matsalar tana ga katakon. Duk ramuka ne da tsaga, ga gurbin ƙusa. In ba a cike su an goge ba, fenti ba ya kwanciya, kuma fiffike mai kaushi yana ƙara jan iska. Da na shiga Arlit ƙarshen wata, sai na sayo mastik irin na masu gyaran jikin mota, a zatona mai tsada shi ne mai kyau.

Na yi kuskure. Da zafinmu, kafin yaro ya gama shafawa ya daskare. Warinsa ya cika ajin. Mafi muni, ya fi katakon tauri, don haka samfefa sai ta bar mastik ta cinye katakon da ke gefensa. Wata yarinya da ta kwana uku tana sassaƙa fiffikenta ta goge har ya huje. Ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye shi ta koma bayan aji. Washegari mahaifinta, wanda ya yi aikin ma'adinai a Akokan, ya zo ya tambaye ni wace irin ƙura ce 'yarsa ta shaƙa. A yankinmu ba a wasa da maganar ƙura, kuma gaskiyarsa ne.

Wani tsohon kafinta ne ya warware mini. Ya ce, "Malam, abin ciko kada ya fi abin da aka cika ƙarfi." Na koma na tara guntayen alli, muka daka, muka tankaɗe. Cokali uku na garin alli, cokali ɗaya na farin gam na kafintoci, da ɗigon ruwa har ya yi kaurin kunu. Mun gwada garin katako da gam, amma yana yin danƙo, yana toshe samfefa. Na alli kuwa, in gam bai yi yawa ba, gugarsa ba wuya.

Ga abin da zan ce wa malamai da iyaye. A shafa shi siriri sau biyu, don mai kauri yana tsagewa in ya bushe. A fara guga da samfefa lamba 120, a gama da 220, a waje, iska tana bayan yaro. Kada a cika ciko a fukafukai, domin nauyi a wutsiya yana sa roka ta yi ta juyi a sama. Nauyi a hanci ake so.

Na ba yarinyar nan haƙuri a gaban ajin, na ce laifina ne. Ta sake sassaƙa wani fiffiken. Ranar harbi, ita ta taka famfon.