North ɗinsu, kudunmu

Yau laifina na zo in faɗa muku.

Kwanakin baya ina haɗa labaran marece, sai na tsinci wani labari a wata jaridar Najeriya ta Ingilishi: ƴan bindiga sun tare motoci a wata hanya ta "North". Ni da Faransanci na yi lakwal, ɗan Ingilishin nawa na aji ne, kuma abin da mushe ya koya mana shi ne north, nord, arewa. Ban tsaya tunani ba, na shiga na ce an tare motoci a arewa.

Ko minti goma ba a yi ba wata tsohuwa ta kira, murya na rawa. "Ɗana, wace hanya ce? Ta Agadas ko ta Arlit?" Ɗanta yaron mota ne, kwana uku ba ta same shi a waya ba. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, a Najeriya ne, wajen Zamfara." Ta yi shiru, can ta ce, "To Zamfara arewa take?"

Wallahi na rasa ta cewa. Mutumin Maraɗi in zai je Katsina kudu yake dosa, ta Ɗan Isa da Jibiya. Amma a bakin ɗan Najeriya, North da babban harafi sunan yanki ne. Turawan Ingila suka yanka shi, suka haɗe shi da kudu a 1914, daga baya Sardauna ya mulke shi daga Kaduna, aka raba shi jiha-jiha a 1967, sunan bai mutu ba. Yau jihohi 19 ne, har Ilori da Makurɗi na ciki. Mu kuwa in an ce arewa, Agadas muke gani, da rairayi, da ƴaƴanmu da ke can neman abinci. Kar ma a ce Arewa gaban mutumin Dogon Dutsi ko Matankari, shi gida aka ambata masa.

Tun ranar "arewacin Najeriya" nake cewa, in faɗi jiha, in faɗi gari, ko da lokaci zai ƙure mini.

Inna ta sake kira bayan kwana biyu. Yaron lafiya lau yake a Arlit, ashe rezo ne babu.